Gida Ya Yi Araha, Bashi Bai Ragu Ba

Wannan ita ce laccar da akawun jam'iyya ya yi wa 'yan reshe a taron mako. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.



A taron da ya wuce wani ɗan'uwa, tela ne, ya tashi ya yi tambaya. Ya ce shi dai yana jin labari wai a Amurka ko lebura yana da gidan kansa a bayan gari, ga fili, ga mota, ba ɓarawo ba ɗan iska. To, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, yaya suka yi? Shugaba ya ce in je in bincika in kawo amsa, ga shi na kawo. Ni akawu ne, aikina lissafi, saboda haka ku yi haƙuri da ni, yau za ku sha lambobi.

Da farko sai mu san yadda su ke sayen gida. Mu nan yawancinmu mutum yakan sayi fili, bana ya yi ɗaki ɗaya, baɗi ya ƙara ɗaya, iyakar abin da aljihu ya ba shi. Su can ba haka su ke yi ba. Mutum yakan ga gida ginanne, ya ba da kafin alƙalami, banki ya biya sauran, gidan ya zama jingina a hannun banki. Sa'an nan ya riƙa biya wata wata, uwa da ruwa, har shekara 30. Ran da ya kasa, banki ya kai gidan gwanjo. Watau mutum ya kan ce gidansa ne, amma muddin bai gama biya ba, ɗan zaman amana ne a ciki.

Yanzu sai asalin unguwannin bayan gari. Bayan an gama yaƙin duniya na biyu cikin 1945, sojoji suka komo gida, aka rasa inda za a sa su. Wani magini, William Levitt, ya sayi gonakin dankali a Long Island kusa da birnin Niyok, ya shiga gina gidaje iri ɗaya kamar ana buga tubali. Daga 1947 zuwa 1951 ya gina fiye da 17,000, aka sa wa wurin suna Levittown. Cikin 1949 ana sayar da gida ɗaya dala 7,990, tsohon soja kuwa ba ya ba da wani kafin alƙalamin kirki, domin gwamnati ta tsaya masa a wurin banki. Wannan shi ne labarin da ɗan'uwanmu tela ya ji, kuma gaskiya ne.

Amma akwai abin da ba a gaya masa ba. Cikin takardar gidajen nan an rubuta cewa Bature kaɗai zai zauna a ciki. Baƙin mutum, ko da shi ma ya je yaƙin ya dawo, ba a sayar masa. Babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cikin 1948 cewa alƙali ba zai tilasta irin wannan sharaɗi ba, duk da haka aka ci gaba da hana su. Cikin 1957 wani iyali baƙar fata suka sayi gida a wata Levittown ɗin ta jihar Pennsylvania, jama'a suka taru a ƙofarsu dare da rana, har da jifa.

Abin kuwa daga gwamnati ya faro. Tun cikin shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane fiye da 200, ta raba unguwanni launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Kore shi ne inda aka ce kuɗi ba zai salwanta ba, ja kuwa shi ne haɗari. Unguwannin baƙar fata galibi ja aka shafa musu, bashin gina gida ya yi wuyar samu a can, gidaje suka lalace, sa'an nan aka juyo aka ce, kun gani ko, dama mun faɗa. Mu da muka san yadda aka keɓe unguwar Turawa a zamanin mulkin mallaka, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba a haramta wannan bambanci a harkar gidaje ba sai cikin watan Afrilu na 1968, mako ɗaya bayan an kashe Martin Luther King. Saboda haka in kun ji Ba'amurke ya ce "unguwa mai lafiya", ku saurara da kyau. Wani yana nufin ba sata, wani kuwa yana nufin ba wane da wane.

To, bari mu zo kan tashin kasuwa da faɗuwarta.

Cikin 2003 babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa har zuwa 1 cikin 100. Bashi ya yi sauƙi, kowa ya fita neman gida, kuɗin gidaje ya yi ta hawa shekara a kan shekara. Cikin 2004 iyali 69 cikin kowane 100 suna zaune a gidan da a ke cewa nasu ne, ba a taɓa kai wannan adadi ba. Mutane suka sa a ransu wai gida ba ya faɗuwa. A wasu biranen Kalifoniya kuɗin gida ya wuce ninki takwas na abin da iyali ke samu a shekara, amma ba a fasa saye ba, domin kowa yana cewa gobe ya fi yau tsada.

Dillalan bashi kuwa la'adarsu a kan yawan takardun da aka sa wa hannu ta ke, ba ruwansu da ko za a iya biya. Suka fito da wani irin bashi, shekara biyu na farko ruwa kaɗan, daga nan ya tashi. Wasu ma ba a tambaye su shaidar albashi ba. Kuna iya tambaya, me ya sa banki zai ba wanda ba zai iya biya ba? Dalili shi ne bankin ba ya riƙe bashin. Yakan tara takardun bashi dubbai, ya ɗaure su dami guda, ya sayar wa masu kuɗi a Niyok da London da sauran duniya. Kun san mai ɗaure dami ya sa ruɓaɓɓe a tsakiya, mai kyau a waje. Kamfanonin da aikinsu shi ne duba damin suka buga masa hatimin lamba ɗaya, alhali mai damin ne ke biyansu ladan dubawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Babban banki ya yi ta ɗaga ruwa har ya kai 5 da kwata cikin 100 a shekarar 2006. Masu bashin nan mai tashi suka fara kasawa, bankuna suka fara gwanjo, gidaje suka yi yawa a kasuwa, masu saye suka ja baya. Daga 2006 zuwa farkon 2012 kuɗin gidaje a ƙasar duka ya faɗi da fiye da kwata. A Las Vegas ya faɗi da wajen 60 cikin 100, a Phoenix fiye da rabi, a Miami wajen rabi. Ran 15 ga Satumba 2008 wannan masifa ta kai maƙura, babban kamfanin kuɗi Lehman Brothers ya karye. Kafin Oktoba 2009 mutum 10 cikin kowane ma'aikaci 100 ba shi da aiki. Cikin 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Ga lissafi, ku bi ni a hankali, misali ne na ke bayarwa. Mutum ya sayi gida dala 300,000. Ya ba da 15,000, banki ya biya 285,000. In ruwa 7 cikin 100 ne, ruwan kaɗai ya kusa dala 1,660 a wata. Bayan shekara biyu ruwa ya koma 10 cikin 100, ya zama 2,375 a wata. An ƙara masa fiye da dala 700 kowane wata, albashi kuwa yana nan yadda ya ke. Ya ce bari ya sayar ya huta. Ya je kasuwa ya tarar gidan ya faɗi da sulusi, 200,000 a ke tayawa. In ya sayar ya miƙa wa banki kuɗin duka, har yanzu akwai giɓin wajen 85,000, ga 15,000 ɗinsa ta tafi. Gida ya yi araha, bashi bai ragu ko kwabo ba. Wajen 2010 kusan ɗaya cikin kowane gida huɗu masu jingina a wannan hali su ke, bashin ya fi gidan. Mutum ba ya iya sayarwa, in an ba shi aiki a wani gari ba ya iya tashi. Wasu suka sa mabuɗi cikin ambulan suka aika wa banki, suka kwashe kayansu da dare.

To, yaya unguwannin nan masu lafiya suka kasance?

Waɗanda suka fi jin jiki su ne sababbin da aka gina can nesa, inda ƙasa ke da araha. Talaka da bai iya sayen gida kusa da wurin aiki ba, sai ya yi ta nausawa har ya kai inda kuɗinsa zai isa, ya riƙa tafiyar awa ɗaya ko biyu a mota kullum. Cikin tsakiyar 2008 galan na fetur ya haura dala 4, sai ga bashi ga mai. Layi guda sai ka ga gida uku ko huɗu a rufe, ciyawa ta cinye ƙofa. Ɓarayi suka riƙa shiga suna cire bututun jan ƙarfe da wayoyin lantarki. A Kalifoniya tafkunan wanka na gidajen da aka bari suka yi kore, sauro ya hayayyafa, har ma'aikatan lafiya suka riƙa zuba ƙananan kifaye a ciki don su cinye tsutsar.

Akwai kuma abin da mai saye ba ya gani ran da ya ke zaga gida. A Amurka harajin gidaje yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe makarantun unguwa da ayyukan hukumar gari. In kuɗin gida ya faɗi, baitulmalin gari ya rame. Ku dubi Stockton ta Kalifoniya, gari mai mutum kusan 300,000, wanda ya cika da masu zuwa aiki wajen San Francisco. Gidaje suka faɗi da fiye da rabi, hukumar gari ta rage wajen kwata na 'yan sandanta, cikin Yuni 2012 ta je kotu ta ce ta karye. A shekarar nan aka yi kisan kai a garin fiye da kowace shekara da ta gabata. Alhali kuwa a ƙasar duka laifuffukan ta'adi raguwa suka yi a waɗannan shekaru. Ashe lafiyar unguwa tana rataye da baitulmalin garin da kuma ko akwai mutane a gidajen.

Wasu suka ce maganin abin shi ne katanga da ƙofa mai mabuɗi. To, ku ji abin da ya faru a Sanford ta jihar Filorida. Wata unguwa ce kewayayya, gidajenta sun faɗi da fiye da rabi, masu gida da yawa sun tashi, 'yan haya sun shigo, an fasa wasu gidaje, kowa yana zargin kowa. Ran 26 ga Fabrairu 2012 wani yaro baƙar fata, Trayvon Martin, ɗan shekara 17, yana dawowa daga kanti da dare, ba ya ɗauke da makami. Wani ɗan sintirin unguwa ya ga bai san shi ba, ya bi shi, suka yi kokawa, ya harbe shi ya mutu. Yaron kuwa baƙo ne a wani gida cikin unguwar, tare da mahaifinsa. Cikin Yuli 2013 kotu ta sallami mai harbin bisa hujjar kare kai. Ni ba alƙali ba ne. Abin da na ke so ku gani shi ne katangar nan ba ta sa maƙwabci ya san maƙwabcinsa ba.

Sa'an nan akwai haɗarin da ba a ƙirgawa in ana zancen lafiya. Cikin 2007 mutum wajen 17,000 aka kashe da gangan a Amurka, amma haɗarin mota ya kashe wajen 41,000. Wanda ya gudu daga birni don tsoron ɗan fashi, ya koma inda ko burodi sai an tuƙa mota mil biyar, kullum shi da 'ya'yansa suna kan babbar hanya.

Yanzu wa ya biya, wa ya ci? Cikin Oktoba 2008 majalisar ƙasar ta amince da dala miliyan dubu 700 don tallafar bankuna, cikin 'yan makonni aka gama magana. Gaskiya ne manyan bankunan sun mayar da kuɗin daga baya, ba zan ɓoye muku ba. Amma shirin da gwamnatin Obama ta kawo cikin 2009 don sassauta wa masu gida bai kai adadin iyalin da aka yi alkawari ba. Daga 2005 zuwa 2009 dukiyar matsakaicin iyali na Turawa ta ragu da 16 cikin 100, ta baƙar fata da 53, ta masu jin Sifaniyanci da 66. Dalili kuwa a fili ya ke: talaka ba shi da wata dukiya sai gidan. Cikin 2011 aka shirya da gwamnati a kan biyan dala miliyan 335 saboda ƙarar da aka kai kamfanin Countrywide, cewa ya caji baƙar fata da masu jin Sifaniyanci fiye da Turawa masu irin halinsu. Waɗanda dā aka hana bashi, su ne daga baya aka bi har gida da mugun bashi.

Da kasuwa ta kai ƙasa cikin 2012, masu tsabar kuɗi suka fito. Kamfanin Blackstone kaɗai ya sayi gidaje dubbai goma-goma, ya sa su haya. Kafin ƙarshen 2016 kuɗin gidaje ya komo inda ya ke a 2006. Wanda ya iya riƙe gidansa shekara goma ya farfaɗo. Wanda aka kora cikin 2009 bai ga komai ba, wani ma haya ya ke biya a unguwar da dā ya ke da gida.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da na tsinta daga labarin nan, ga duk wanda zai sayi gida ana cikin faɗuwar kasuwa, ko ina ya ke.

Na farko, kada ka auna araha da kuɗin bara. In an ce gidan nan dā 300 ne yanzu 250, tambaya ita ce, dama ya cancanci 300 ɗin? Waɗanda suka saya cikin 2008 suna murna sun sami garaɓasa, sun ga an ƙara faɗuwa har shekara uku ko huɗu. Auna shi da haya. In abin da za ka biya a wata, da haraji da gyara, ya fi hayar irin gidan nesa ba kusa ba, zauna a hayarka tukuna, ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ba wanda ya san ranar da kasuwa za ta kai ƙasa, ko dillali ko masani. Saboda haka tambayi kanka shekara nawa za ka zauna. In biyu ko uku ne, bari. In goma ne ko fiye, kuma aikinka yana da ƙarfi, faɗuwar baɗi ba za ta kore ka ba.

Na uku, bashin da ruwansa ke tashi, guje shi. Nemi wanda biyansa ba ya canzawa, ka ba da kafin alƙalami mai kauri, ka kuma ajiye kuɗin wata shida a gefe. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ita ka gane ba. Dillali in ya ce yi sauri wani na zuwa, ka tuna la'adarsa ya ke kallo.

Na huɗu, unguwa da ƙafa a ke duba ta. Je ka da safe, ka koma da azahar, ka sake komawa bayan isha'i. Ƙirga gidajen da ke rufe da waɗanda aka kafa wa allon sayarwa. Dubi ko yara suna wasa a waje, ko tsofaffi suna zama a ƙofar gida, ko fitilun titi suna ci. Tsaya ka gaisa da mutum uku ko huɗu, ka tambaye su shekararsu nawa a wurin. Inda mutane suka daɗe, sun san juna, in baƙon abu ya faru akwai mai leƙowa.

Na biyar, tambayi me garin ke ci. In masana'anta ɗaya ce ke riƙe da kowa, ran da ta rufe kowa zai fita sayar da gida rana ɗaya. Detroit, garin motoci, tana da mutum wajen miliyan 1 da dubu 850 cikin 1950, kafin 2010 sun koma dubu 714, cikin 2013 hukumar garin ta karye. Nemi labarin laifuffuka daga ofishin 'yan sanda, na shekaru da dama, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Auna nisan wurin aiki da makaranta da asibiti, ka sa kuɗin mota cikin kuɗin gida.

Na shida, kuma shi ne ya fi damuna. In an ce maka unguwa kaza ba ta da lafiya, ce a gaya maka abin da aka yi a can, yaushe, sau nawa. In amsar ita ce ai su wane ne ke zaune a wurin, to, ba labarin lafiya aka ba ka ba, tsohuwar taswirar nan ce mai jan launi aka sake miƙo maka. Wanda ya yarda a shafa wa maƙwabcinsa ja yau, ya sani alƙalamin yana nan a hannun mai shafawa.

Ɗan'uwa tela, ga amsarka. I, lebura ya sami gida a Amurka, kuma ya same shi ne sa'ad da gwamnati ta tsaya masa, bashi ya zama mai sauƙi mai tsari. An hana wasu saboda launin fata, an yi shekaru ana faɗa kafin a gyara doka. Da aka sakar wa masu ba da bashi linzami, miliyoyi suka rasa abin da suka tara, sai cikin 2010 aka yi dokar da ta wajabta wa mai ba da bashin gida ya tabbata mai karɓa zai iya biya. Da an yi ta shekara goma kafin nan, da mutane da yawa suna cikin gidajensu.

Iyakar abin da na zo da shi ke nan. Wanda bai gane lissafin ba ya same ni a ofis, in sake yi masa a kan takarda.